Baba Yana Waya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare a Kano kafin maigidana ya samu gurbin karatu a Landan. Muka tattara muka sauka a Catford, a wani ɗan flat da ke saman shagon aski. A Kano yara saba'in ne a gabana kullum, allo ɗaya, guntun alli. Don haka da aka ce min ƙungiyar 'yan arewa mazauna unguwar na neman wadda za ta riƙa koya wa yaransu karatun Hausa ran Asabar, kuma yaran takwas ne kacal, sai na ji kamar hutu aka kira ni in yi.

Yara takwas, amma 'yan kwamitin makarantar su goma sha ɗaya ne. Akwai shugaba, da mataimaki na ɗaya da na biyu, da sakatare, da jami'in hulɗa da jama'a, har da wani mai kula da walwala wanda ban taɓa sa shi a ido ba sai ranar da aka dafa shinkafa. Shugaban likita ne a wani asibitin kuɗi a Marylebone. Kowa Dakta yake ce masa, har matarsa. Shi ya yi min intabiyu, a tsaye, a bakin ƙofar zauren da suke haya a wajen council, wato hukumar unguwar, yana kaɗa makullin mota.

Ya ce, "Malama, our language is dying. Yaran nan gaba ɗaya sun yi losing identity ɗinsu. Muna so ki yi mana restoring."

Na ce, "In Allah ya yarda, ranka ya daɗe. A gida da wane harshe kuke yi musu magana?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi shekarun matarsa. Ya ce, "Well, kin san yanayin ƙasar. Ai shi ya sa muka kawo ki."

Nan na gane aikin da aka ɗauke ni. Kwana shida su zuba wa yara Turanci tun daga tashi har kwanciya, ni kuma a awa biyu in mayar da su Kanawa.

Littattafan da zan koyar da su Dakta ne ya sa aka auno daga gida. A kwali ɗaya suka zo da kilishi da daddawa, don haka har muka rabu da su warin miya suke yi. Littattafai ne masu hotuna: kowane shafi harafi ɗaya, hoto ɗaya, kalma ɗaya. A, akuya. J, jaki. R, rijiya. T, turmi. Mai bugun kuma ya yi tsimin tawada, akuyar ta fito kamar karen da ya kwana uku bai ci ba.

Ranar farko na ɗaga shafin rijiya na ce, "Wa zai faɗa min mene ne wannan?"

Can wani ɗan shekara bakwai ya ɗaga hannu ya tambaye ni da Turanci ko council ta san da wannan ramin, don ba shi da murfi kuma wani zai iya faɗawa. Da muka zo kan turmi, 'yar Dakta, yarinya 'yar shekara shida mai giɓi a gaba, ta daɗe tana kallon matar da ke daka, sannan ta ce, "Anti, why is she hitting the bin?"

Ban karaya ba. Na yi abin da na iya: ni in faɗa, su amsa, da ƙarfi, sau goma-goma. Cikin wata guda ina buɗe littafi zauren yake ɗauka, akuya, bishiya, cokali, doki, har ƙarshe ba tuntuɓe. Na riƙa komawa gida ina yi wa maigidana fankama cewa hanyar Kano ta yi aiki a Landan.

Wata Asabar, ba da wata manufa ba, ina riƙe da littafi sai tafin hannuna ya rufe hoton. Na nuna wa 'yar Dakta kalmar da ke ƙasa na ce ta karanta. Ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu, ta ce in matsar da hannuna. Na ce a'a, harufan za ta duba. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Akuya." Jaki ne a rubuce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rufe hoton, ba wanda ya karanta ko kalma guda. Waƙa na koya musu. A bas, kan hanyar gida, na zauna ina tunanin yara nawa na tura aji biyu a Kano da irin wannan karatun, ina sa musu jan maki ina rubuta "da kyau".

Cikin iyayen akwai wata 'yar Gana, haifaffiyar zangon Hausawa na can, mai sayar da doya da busasshen kifi a kasuwar Deptford. Tagwaye take kawowa, mace da namiji, kuma su kaɗai ne a ajin suke magana da Hausa ba tare da an roƙe su ba. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne, kowa "shi" ne. Matan 'yan kwamiti kan zunguri juna in ta buɗe baki, su kwaikwaye ta in ta juya baya. Su kuma nasu 'ya'yan in ka ce musu ina kwana sai su ce "fine".

Ita na yi wa ƙorafin abin da na gano, tana jiran tagwayenta su sa rigunan sanyi. Ta ɗauki littafin ta juya shafi biyu, ta shinshina, ta ajiye.

Ta ce, "Malama, yaro bai san jaki ba, bai san rijiya ba. Ka ba shi aiki biyu, ya koyi abu, ya koyi sunan abu. Ka zo kasuwa ka ɗauki hoton abin da ya sani."

Ran Laraba na je Deptford da wayata. Na ɗauki hoton doyarta da kifinta da tattasai, na ɗauki jar bas, da tattabarun da ke tsince-tsince a bakin titi, da laima, da kwandon shara, da wata mage da ta kwanta a tagar shago. Na buga su a laburaren unguwa, na yanka kwalayen da mai aski ya ba ni, na manna. Sai dai wannan karon kalmar na sa a gaba, hoton a bayan shafin. Sai yaro ya haɗa do da ya, ya ce doya, sannan a juya ya ga ko ya ci.

Abin ya zama musu kamar wasa. Da ma a makarantar boko an koya musu haɗa sautin harufa, kuma Hausa yadda aka rubuta ta haka ake faɗa, ba harafin da ke zaune a cikin kalma yana zaman banza. Inda muka sha fama shi ne harufa masu ƙugiya. Sun ce ƙ ɗin k ce da ta sa hula. Na rubuta musu baki da baƙi, na zana leɓe a ƙarƙashin ɗaya, na zana mutane da akwatuna a ƙarƙashin ɗayan. Asabar uku muna ƙa, ɗa, ɓa, har mai gadin zauren, wani tsohon Bature, ya leƙo ya tambaya ko wani ne ya shaƙe.

Dakta ya zo duba aiki sau ɗaya. Ya ɗaga kwalin bas da yatsa biyu.

Ya ce, "Malama, wannan ai ba culture ɗinmu ba ne. Ina raƙumi? Ina rijiya?"

Na ce, "Za mu zo kansu, ranka ya daɗe." Ban ce masa matarsa ta ba ni labarin gidan da ya tashi a unguwar Nasarawa ta Kano ba, inda har lambu akwai famfo, kuma guga bai taɓa yi masa kanta a hannu ba.

Da hutun ƙarshen shekara ya gabato, kwamiti ya yanke a yi bikin nuna wa iyaye ci gaba. Na ba kowane yaro takardu huɗu, muka ninka muka ɗinke da zare, na ce kowa ya yi nasa littafin a kan gidansu: zane a sama, jimla a ƙasa. Sharaɗina ɗaya, ni ba zan ba kowa magana ba, rubutu kawai zan gyara. Littafin 'yar Dakta na duba shi sau biyu. Na san abin da ke ciki, na kuma san wanda zai zauna a kujerar gaba. Na gyara mata ƙugiya biyu na mayar mata.

Ranar biki zauren ya cika da manyan riguna da turare. An gayyato wata Hajiya daga Marylebone a matsayin babbar baƙuwa, direba ya ajiye ta, ta zauna da jakarta a cinya kamar wadda ke jiran a kira jirginta. Dakta ya yi jawabi na minti arba'in a kan darajar harshen uwa, duk da Turanci, in ban da sallamar farko da "na gode" ta ƙarshe. Yaran da aka taru dominsu suna ƙarƙashin tebur suna cin cincin.

Tagwaye suka fara, suka karanta littafinsu na rumfar kasuwa tsaf. Aka tafa musu sama-sama. Sannan aka kira 'yar shugaba. Dakta ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga wayarsa zai ɗauki bidiyo.

Yarinya ta buɗe shafin farko, ta juya wa jama'a zanen kamar yadda na koya musu, ta sa yatsa a kan harufa.

"Wan-nan gi-dan-mu ne."

Aka ce masha Allah. Ta juya.

"Mama tana dafa shinkafa. Baba yana waya."

Aka ɗan yi dariya, har da Dakta.

"Mama tana wanki. Baba yana waya."

"Mama ta kai ni makaranta. Baba ya ɗora ƙafa a kan tebur. Yana waya."

Ɗ ɗin da ƙ ɗin nan suka fito daga maƙogwaronta tas, kamar a Kurmi aka haife ta. Ina gefe ina jin hawaye na neman zubo min, kuma ba don tausayin kowa ba.

"Na ce Baba zo ka ga littafina. Baba ya ce anjima."

Ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗaga shi sama sosai don na baya su gani. Wani ƙaton da'ira ne kwance a kan kujera, da 'yar hula a gefe ɗaya, da wani ɗan baƙin akwati a kan tsakiyarsa.

"Baba yana barci. Waya tana kan cikinsa."

Ban san wanda ya fara ba, amma ina zargin mataimaki na biyu. Dariya ta ɓarke tun daga baya har gaba. Matar Dakta ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa hannun da ke riƙe da waya ya riƙa sauka a hankali, har ta shige aljihu. Hajiyar Marylebone ta juyo ta ce masa, "Dakta, Hausar yarinyar nan ta fita. Ba abin da ban gane ba." 'Yar Gana ta matso kusa da ni da farantin shinkafarta ta ce, "Malama, yaro ya iya karatu."

Ana watsewa Dakta ya tare ni a bakin ƙofa.

Ya ce, "Malama, kin ga wannan littafin kafin yau?"

Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Kuskure biyu ne a ciki, na gyara."

Ya kaɗa makullin mota ya wuce. Cikin satin nan aka yi taron gaggawa, aka kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar da zai riƙa tantance duk abin da yara za su rubuta kafin a karanta a bainar jama'a. An aiko min da sanarwar a rubuce, shafi biyu, da Turanci. Kwamitin bai taɓa zama ba, don an kasa daidaitawa a kan wanda zai shugabance shi.

Na ɗauka ba zan sake ganin yarinyar ba. Amma Asabar ɗin farko bayan hutu sai ga ta da uwarta, a bas suka zo. Uwar ta tura ta ciki, ta ja ni gefe.

Ta ce, "Malama, kwana uku babanta ya yi yana zama da ita suna karatu bayan cin abinci. Rana ta huɗu aka kira shi daga asibiti, shi ke nan. Amma kwana ukun ma ban taɓa gani ba."

Na ce, "To alhamdu lillahi."

Ta ce, "Sai dai kin jawo mana wata. Da in za mu yi maganar da ba ma so yara su ji, Hausa muke juyawa. Shekaran jiya ƙanwarsa ta zo daga Kano, muna kicin na ce masa a hankali, wannan karon sati nawa za ta yi mana. Yarinyar nan ta fita falo ta ce, Gwaggo, Mama ta ce sati nawa za ki yi mana."

Ba ita kaɗai ba ce. A zangon karatun nan iyaye uku ne suka kawo min irin wannan ƙarar, fuska a murtuke, kamar na koya wa 'ya'yansu sata. Gida biyu suka janye yaransu, suka ce Asabar ta yi karo da koyon iyo. 'Yar Gana kuma ta kawo min yara biyar daga cikin 'ya'yan masu sayen doyarta, sai da muka roƙi mai gadi ya ƙaro kujeru.

Na ci gaba da ajin shekara biyu, har maigidana ya gama karatu. 'Yar Dakta ba ta taɓa fashi ba. Littafi na ƙarshe da ta yi kafin in tafi a kan gwaggonta ne, wadda a ƙarshe wata biyu ta yi. Uwar ta karɓe shi tun a bakin ƙofa ta cusa a jaka, ta ce wannan a gida za a karanta.