Shekara biyar da Kawu ya ƙara mini

Ban taɓa sanin ranar da aka haife ni ba, kuma hakan bai taɓa damuna ba sai shekarar da na nemi ƙarin karatu. A ƙauyenmu na Kurfai, kusa da Tabla, ana cewa an haifi mutum da damina kaza, shi ke nan. Da aka zo ɗibar yaran lakwal, wato makarantar boko, malamin ya sa na ɗora hannu bisa kai na taɓa kunne, ya ce na isa. Daga nan Filinge. Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu na wuce Yamai, daga Yamai sai makarantar likitoci a Dakar. Ban taɓa maimaita aji ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na dawo gida da takardar likita, na tarar fari ya riga ni isowa. Gero bai yi ba, shanu sun faɗi, mutane sun taru a gefen Filinge suna jiran tsaba. Aka ajiye ni a asibitin garin. Manya ina iya yi musu wani abu, amma yara ke mutuwa a hannuna, da ƙyanda da zawo da kumburin yunwa, ni kuwa abin da na sani game da su bai cika cokali ba. Na gaji da wanke hannu bayan gawa. Don haka da aka ce akwai gurbin koyon likitancin yara a waje, na rubuta takardar nema, na faɗi makarantun da na yi da abin da nake so: in koyo, in dawo, in buɗe ɗakin yara a nan Filinge. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri, kada mai nema ya wuce shekara talatin. Ni a lissafin lakwal ina da ashirin da shida.

Sai aka ce dosiye, wato tarin takardun neman, ba ya cika sai da takardar haihuwa. Tawa ta dā, wadda aka yi mini da kintace lokacin shiga lakwal, tana cikin adakar Inna, gara ta gama da ita tuntuni. Dole in kawo dattawa biyu gaban juji, wato alƙalin gwamnati, su shaida shekarar da aka haife ni.

Na je ƙauye na tarar rabinsa ya watse. Dattawa biyu suka rage da za su iya tafiya: wani tsohon malami da kunnensa ya yi nauyi, da Kawuna, yayan Inna. Kawu bai taɓa barin addinin kakanni ba, kuma duk duniya ba ya da abin taƙama sai ni. Ko akuya ta yi tari sai ya ce a bari ɗan ƙanwarsa ya zo. A hanya na ce masa, "Kawu, gaskiya kawai za ka faɗa." Ya ce, "Mi zan hwaɗi in ba ita ba?" Ban gaya masa zancen shekara talatin ba. Na ɗauka ba ruwansa da shi, kuma wannan wautar tawa ce.

Juji ya dube ni, ga rama ga kwat da ta yi mini yawa, ya yi dariya ya ce, "Wannan yaron ne likitan?" Na ga Kawu ya ɗaure fuska. Daidai nan aka leƙo aka ce wata mata ta faɗi a layin rabon tsaba, na fita da gudu. Kafin in dawo an gama, an buga hatimi. Na naɗe takardar na sa a aljihu, sai da na koma asibiti na buɗe. Shekara talatin da ɗaya.

Na same shi a inuwar wani gawo yana cin goron da na saya masa. Raina a ɓace na ce, "Kawu, me ka gaya wa juji?"

Ya ce, "Na ce shekarar hwara anka haihe ka. Shi wa, da za shi ce maka yaro gaban mutane? Na maishe ka babba, ya yi shiru. Malam ma ya ɗaga kai."

Malam bai ji ko kalma ɗaya ba, ya dai ɗaga kai. Na yi wa Kawu bayani a hankali. Ya daina tauna. Na ce abin da gyara, mu koma ya ce ya yi kuskure. Sai ya ce, "Ɗana, da aradu na rantse." A wurinsa wanda ya rantse da aradu ya janye, damina ba za ta wuce da shi ba. Sai ya miƙe, ya kama sandarsa, ya ce, "Tashi mu tahi. Ai na tsuhwa."

Da gaske yake. Ni ban yarda aradu na bin mai rantsuwa ba, amma na sha ganin tsoro ya kwantar da mai lafiya, balle tsohon da yunwa ta riga ta cinye. Na ce ya zauna. Na aika dosiye haka nan, da wasiƙa ina roƙon a duba takardun lakwal. Amsa ta zo a layi biyu: abin da hatimin juji ya ce shi ne shekaruna.

Na zauna a Filinge, na koyi abin da na koya a kan ƴaƴan mutane, kuma har yau ina jin ciwon waɗanda na koya a kansu. Kawu ya ƙara damina tara, bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Da lokaci ya yi, takardar nan ce ta sallame ni daga aiki, da sauran ƙarfina, shekara biyar kafin sa'o'ina.