Tsokar da Baba Ya Dawo da Ita Gida

Salama gare ku, 'yan uwa da tsofaffin ɗalibaina na Bodinga. Yau zan warware ƙaryar da na shafe shekara sittin ina yi muku.

Tabon nan na ƙasan muƙamuƙina ba ƙahon saniya ba ne. Ku yafe mini.

Ina 'yar shekara bakwai a Horo Birni, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, zamanin Jihar Arewa, haƙorina ya fara girgiɗi. Aka ce famfara ce. Kafin sati uku kuncina na hagu ya kai girman ƙwarya ƙarama, idona ya fara turowa waje. Ko fura sai an dama mini ita ruwa-ruwa.

Yara suka daina wasa da ni. Inna ta ɓoye madubin ɗakinta, amma ni ina leƙa randa.

Baba ya kai ni asibiti a Sakkwato. Likita ya ce ciwon daji ne irin na yara, kuma a wani babban asibiti a Kudu ana gwada sabon magani a kansa. Sai dai fa za a fara yankar 'yar tsoka daga kumburin a bincika, a ajiye saura a kwalba.

Nan Baba ya miƙe. A gidanmu ko farce aka yanke sai an binne, balle gashi, balle cibiya. Abin da ya fita daga jikin mutum ba a barinsa a hannun baƙo, don ba ka san me zai yi da shi ba.

"Ba a aje naman ɗiyata cikin kwalba tana raye," in ji shi. Ya saɓa ni muka koma gida.

Kwana goma sha biyu muka yi. Ba na son tuna su. Haƙora biyu suka zube, numfashina ya koma kamar na tsohuwar akuya. Da rana tsaka na ji mata a bayan danga suna cewa ba zan kai girbi ba. Wallahi na ji tsoro, irin wanda yake hana mutum kuka.

Inna ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Ranar nan ta durƙusa a gabansa ta ce, "Malam, ko su ɗebi kaɗan, ko ƙasa ta ɗauke duka. Zaɓi."

Ya sayar da bijiminsa a kasuwar Shagari. Muka hau babbar mota zuwa Gusau, daga nan jirgin ƙasa. Duk hanya hannunsa yana kan ƙirjina, yana jin ko ina numfashi.

A asibitin ba mai jin maganarmu, sai Allah Ya haɗa mu da Malam Sani, mutumin Sifawa da gwamnati ta turo koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. Da ya ji damuwar Baba bai yi dariya ba. Ya ce shi ma an binne cibiyarsa, ya san zancen. Ya je ya roƙi likitoci, suka yarda za a shafa abin da ake buƙata a kan gilashi, ragowar a ba Baba a hannunsa cikin 'yar kwalba.

Aka yanka. Na farka da bandeji, ina ihun kiran Inna da ke can gida.

Malam Sani ya ja Baba ya leƙa madubin da ke ƙara girman abu, ya nuna masa ƙwayoyin ciwon. Baba ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce ashe abokin gaban ana ganinsa.

Sai allura ta jijiya da ɗiban jini, yau a ɗiba, jibi a ɗiba. Kullum da safe a auna kumburin da zare a rubuta. Na yi amai har na gaji, gashina ya zube, yatsuna suna zugi. Yarinyar da ke gadon kusa da nawa, ita ma da irin ciwona, wata safiya na ga an naɗe katifarta. Ban tambaya ba. Na dai ƙi sakin rigar Baba wuni guda.

Maganin, in ji Malam Sani, daga wani fure aka ciro shi, ga ma irinsa an shuka a bakin ɗakinmu. Haba, Baba har ya fara tsinka zai dafa mini! Malam Sani ya riƙe hannunsa, ya ce ganye ne tuli ake tacewa a ɗakin bincike kafin a sami ɗigo, wanda ya dafa ya sha kuwa guba ya sha.

A sati na biyu zaren awo ya fara ragowa. A na huɗu na tauna ƙosai.

Mun dawo bayan wata uku. Aka ce a rufe zancen don kada in rasa mijin aure, shi ne aka ɗora wa saniya laifi, baiwar Allah.

Abin da ya sa na yi magana yau, maƙwabciyata ce. An ga ƙullutu a nononta, an ce a ɗebi tsoka a gwada, ta ce ita ba za a taɓa ta da wuƙa ba. Ke Hajiya, na san za a karanta miki wannan. Ni ma an taɓa ni, ga ni da jikoki.

Don Allah, kumburin da ke girma a kai shi asibiti da wuri. In an ce gwaji, a yarda. In kuna da tsoro ku faɗa wa likita, ana samun mafita. Kada ku dafa abin da ba ku sani ba.

Na gode wa Allah. Allah Ya jiƙan Inna da Baba da Malam Sani, da yarinyar nan da ban san sunanta ba.

Kwalbar kuwa, a aljihun Baba ta yi tafiyar nan duka. Ranar da muka iso, kafin ya sha ruwa, ya ɗauki fartanya ya tona bayan ɗakin Inna, inda aka binne cibiyata. Ramin bai wuce tafin hannu ba, nan ya binne tsokar. Inna ta tsaya tana kallo, ta ce, "Wanga ramen na yarda da shi."