Ruwan Da Ya Koma Fari

Ko yau aka zuba mini madara a kofin gilashi sai na tuna da makonnin nan, kuma ban ga ranar da zan daina ba. Ni ce babba a gidanmu na Kalgo, kuma kowa ya san bakina ba ya jiran tunani.

Matar ƙanena 'yar Gwandu ce, mai sanyin hali. Cikinta na fari yana wata takwas aka yi mata hoto, aka ce an ga ruwa ya taru a ƙirjin jaririn yana danne huhunsa, ta je babban asibiti a Birnin Kebbi ta haihu. Dariya na yi. Na ce, "Yo ɗan da ke ciki ba cikin ruwa yake ba dama? Mi an nan na tashin hankali?" Allah ya taimaka ƙanena bai saurare ni ba.

Yaron ya zo bai yi kuka ba, sai haki. Nan take likita ya sa masa siririyar roba ta haƙarƙari, ruwa ya riƙa ɗiga cikin kwalba, numfashinsa ya daidaita. Da farko ruwan ɗorawa-ɗorawa ne. Bayan ya fara shan nono, sai muka wayi gari ya koma fari fat. Likita ya ce a dakatar da nonon uwa, za a ba shi wata madara ta musamman.

A nan na yi ɓarna. A gaban mutane na dubi matar ƙanena na ce, "Kin gani? Nononki na shiga ƙirjinai. Mugun nono gare ki." Ta juya fuskarta bango.

Daga ranar ta daina cin abinci. An ce ta riƙa tatsewa kada nonon ya ƙafe kafin yaron ya warke, ita kuwa ta ƙi. Wata malamar jinya 'yar Zuru ta ja ni gefe. Ta ce, "Hajiya, wata 'yar jijiya ce a ƙirjinsa take yoyo, da ita aka haife shi. Nonon kowace mace ya sha, haka ruwan zai yi fari. Za ta rufe da kanta. Amma in nonon nan ya ƙafe, wa zai dawo masa da shi?"

Kunya ta kama ni. Washegari na dama kunun kanwa a Kalgo, na hau mota da shi. Na durƙusa gaban gadon matar ƙanena, ni da ban taɓa durƙusa wa na ƙasa da ni ba, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Yaya, da gaske ba ni na cuce shi ba?" Kwana huɗu tana ɗauke da wannan tambayar ita kaɗai, kuma ni na ɗora mata.

Kusan wata guda ina kai kunu tana tatsewa. Ranar da likita ya ce a mayar da shi ga nono, ya kama da ƙarfi har tana cije leɓe, ni kuwa ina ta hawaye.

Yanzu yana aji uku, da ɗan tabo a haƙarƙarinsa. Na koyi cewa abin da ban sani ba, in tambaya kafin in yanke hukunci, musamman a gaban mai jego. Likita ya cire robarsa cikin minti kaɗan, amma maganata ta daɗe ba ta fita daga ran uwarsa ba.