Ranar da Maɓalli Ya Ce Albarka: Jinjina ga Muhsinat ta Moduganari

Kafin ranar Maiduguri ta fara nuna halinta, Muhsinat ta riga ta ɗaga ƙofar shagonta a Moduganari. Shago ne dai da sunan shago: tebura biyu, kwamfutoci da ɗayarsu sai an lallashe ta take tashi, na'urar ɗaukar hoton takarda, da kaskon turaren wuta a lungu, don ta ce ko ɗakin injina ne sai ya yi ƙamshi. Ta share, ta goge allon sola, ta zauna. Daga nan kuma sai gaisuwar Barebari, “wushe, wushe”, har la'asar. Wannan ya zo a buɗe masa shafin intanet, waccan ta zo wai hotunan kayanta sun ƙi hawa, wani ma ba abin da ya kawo shi sai iskar fanka, kuma shi ma ba a korarsa.

Fiye da shekara goma ke nan tana wannan aiki, ba lambar yabo, ba hira a rediyo. Tana gina wa ƙananan masu sana'a shafin sayar da kaya, musamman irin kayan da ba a ƙullawa a leda: darasi, karatu na murya, zane, duk abin da mai saye zai sauke a wayarsa. A ƙasan kowane shafi sai ta dasa maɓallin biyan kuɗi. Ka danna, ka sa lambar katinka ko ka yi tiransifa, kuɗi su tafi asusun mai kaya, kaya su faɗo wayarka. A baki abin kamar wasa. Amma ku tambayi Ketura, mai koyar da ɗinki a Umarari, wadda a da sai ta tura wa mutum darasi sannan ya turo mata alat na bogi. Da bakinta take cewa tun da aka sa mata maɓallin nan ta daina faɗa da mutane a waya, har hawan jininta ya sauka.

Irin su Ketura suna da yawa. Amma abin da ya sa muka ce yau sai an jinjina wa baiwar Allahn nan, labarin Baba Madu ne.

Baba Madu mai zanen hula ne a Kasuwar Kwastam. Shi ba ya riƙe allura. Shi ke zana fasalin a kan farin ƙyalle, masu ɗinki su bi sawun alƙalaminsa da zare. Tun yana saurayi yake wannan, kuma angwaye nawa aka ɗaura wa aure da zanensa a ka, Allah kaɗai ya sani. Sai ido ya fara cin amanarsa. Layi ɗaya ya koma biyu, ƙananan kusurwoyi suka dinga guje masa. Masu kawo ƙyalle suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba don ƙiyayya ba, su ma abinci suke nema. Ɗansa Abdulmutallib, ma'aikaci a Kano, ya yanke magana: bayan Babbar Sallah zai zo ya ɗauke shi, a rufe rumfa, tsoho ya huta. Niyya ce mai kyau. Amma Baba Madu ya ji ta kamar an yanke masa ɗauri. Mutumin da bai taɓa cin lomar da ba guminsa ba, shi ne zai je ya zauna a falo yana jiran a miƙo masa, a garin da ba wanda ya san hannunsa.

Muhsinat ta je kasuwar ne neman hular da za ta yi wa ƙanenta kyauta. Ta tarar da tsohon zaune a kan wani buhu da ya cika ya batse, bakin ƙyallaye na leƙowa.

“Baba, waɗannan fa?”

“Tsofaffin zane ne, 'yata. In na tafi Kano a ba masu shara.”

Ta zaro ɗaya, ta zaro na biyu, ta zaro na uku. Ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Sai ta ji ranta ya ɓaci, ɓacin rai na gaske.

“Shara? Wallahi ba za a yi wannan ina numfashi ba.”

Ta durƙusa ta yi masa bayani. Za a ɗauki hoton kowane zane a gyara shi a kwamfuta. Mai ɗinki ko yana Yola ko Gusau zai biya, ya sauke, ya buga a takarda, ya kwafa a ƙyallensa. Zane ɗaya a sayar da shi yau, gobe ma a sake sayarwa, kuma yana nan bai ragu ba. Baba Madu ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

“Wane irin ciniki ne wannan? Ban ga mutum ba, bai gaishe ni ba. Bai ce ya saya ba, ban ce na sayar ba. Kuɗin nan zai halatta kuwa?”

Wani ne da ya yi dariya ya ce zamani ya wuce tsoho. Muhsinat, ke ba ki yi ba. Ke ce kika ɗauki tambayar nan da nauyinta kika tafi da ita gida, kika dawo da amsa. Maɓallan da aka saba gani duk da Turanci suke ba da umarni, wai biya yanzu. Ke kika ce naki ba zai umarci kowa ba, mai saye ne zai yi magana da shi. Kika rubuta a kansa: NA SAYA.

“To, shi ya faɗi nasa,” in ji Baba Madu. “Ni fa?”

“Me kake so a ce masa, Baba?”

“A sa masa albarka mana. Mutum ya ba ka kuɗinsa, ai ka sa masa albarka.”

Aka shiga aiki. Ta yi ta jigilar buhu a Keke Napep. Ta wanke ƙyallayen da datti ya cinye, ta goge su da dutsen guga, ta ɗauki hotonsu, ta bi kowane layi tana fito da shi. Ta raka tsohon banki aka gyara masa asusu, ta yi masa rajista da wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ta kwafo 'yan layukan da ke tayar da maɓalli ta liƙa a shafin. Ta gwada da katinta, ya yi. A shafin da ke fitowa bayan an biya kuwa ta cika wa Baba alƙawari. Ta rubuta da manyan haruffa kore shar: ALBARKA! Can ƙasa, da 'yan ƙananan baƙaƙe, ta sa wurin sauke zanen.

Ai kuwa nan aka yi ta.

Muhsinat a gidan Barebari ta tashi, daga gida sai makaranta, daga makaranta sai kwamfuta. A kunnenta albarka addu'a ce, ba wani abu ba. Ba ta taɓa zaman rumfa ba, balle ta tuna cewa a bakin ɗan kasuwa, in ka yi tayi aka ce maka “albarka”, an ƙi tayinka ke nan, sai ka ƙara ko ka yi gaba. Baba Madu da zai gane nan take, idonsa ba ya ganin allo.

Mai saye na farko wani Bakano ne, Nasidi, babba a zauren masu ɗinkin hula na waya. Ya danna, ya biya, alat ɗin cire kuɗi ya shigo, sai ga kalma kore ta cika masa fuska. Ko ƙasa bai duba ba. Ya ɗauki murya ya watsa a zaure:

“Jama'a, a yi hattara! Na biya kuɗina cas, an cire, sai kawai aka rubuto mini wai albarka. Albarkar me? Ku karɓe kuɗin mutum sannan ku ce ba ku sallama ba? Wannan sabuwar damfara ce, kuma da sunan wani Madu ake yin ta!”

Saƙon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya dawo Kasuwar Kwastam. Maƙwabcin rumfa ne ya kunna wa Baba Madu. Waɗanda ke wurin sun ce hawaye ne suka bi gemun tsohon. Da Muhsinat ta iso a guje, ya ce mata a hankali:

“Ki kira mini Abdulmutallib, ya zo ko gobe. Ido ya tafi na haƙura. Yanzu suna ma ya bi shi.”

“Baba, ka ba ni zuwa Juma'a.”

“'Yata, kin yi iya ƙoƙarinki.”

“Ban yi ba tukuna. Ka ba ni zuwa Juma'a.”

Ta koma shago. Ta bincika komai: maɓalli lafiyarsa lau, kuɗi sun shiga, zane na nan inda ta ajiye shi. Da ta ga dama sai ta ce laifin mai saye ne da bai iya karatu har ƙasa ba, kuma da ba wanda zai ƙaryata ta. Sai ta nemo lambar Nasidi ta kira shi. Ya zazzaga mata masifa son ransa, ta bar shi har ya gaji.

“Malam Nasidi, don Allah faɗa mini abin da ka gani, kalma da kalma.”

“Me zan gani? Na ce na saya, kun ce albarka! To nawa za ku sallama? Ku faɗa mini in ji!”

Sai ta dafe kai.

“Innalillahi! Malam, addu'a muka yi maka.”

“Addu'a? Hajiya, a wace kasuwar?”

Dariya ta kuɓuce mata har da ƙwalla, shi ma can ya kasa riƙe tasa. Nan take ta tura masa zanensa. Kuma ba ta tsaya nan ba, ta roƙi a sa ta a zauren, ta faɗa da muryarta cewa kuskuren nata ne, tsoho bai san hawa ba bai san sauka ba. Muhsinat, a wannan zamani da kowa ke neman wanda zai ɗora wa laifi, ke ce kika ɗauki naki a ka a gaban mutanen da ba su taɓa ganinki ba, don sunan wani ya wanku.

Washegari ta sauka a rumfa da wayarta. Ta goge kalmar nan, ta gyara shafin yadda zane zai faɗo da kansa da zarar an biya, saura abu ɗaya. Ta ce Baba ya sallama da bakinsa, ta ɗauki muryar ta sa a shafin. Ya ce ta dakata. Ya lalubi wata leda, ya fito da hularsa ta zuwa ɗaurin aure, ya kafa ta, ya gyara zama.

“Baba, murya ce kawai. Ba wanda zai gan ka.”

“Ciniki zan yi. Ba na yin ciniki kai ba hula.”

Ya yi gyaran murya, ga hayaniyar kasuwa a bayansa, ya ce: “Na sallama. Ga zane nan, a ɗinka lafiya. Allah ya kawo kasuwa.”

Nasidi ne ya fara gwadawa, wai don ya tabbatar. Kafin azahar sabon saƙonsa ya karaɗe zauren: “Jama'a, na janye maganata, na nemi gafarar dattijo. Wallahi da bakinsa ya sallama mini, har da addu'a! Kai, Barebari sun iya ciniki!” Shi ke nan, sai ga masu saye daga Kano, daga Yola, har Legas. Wata mai ɗinki ta ce ita ta sayi zane na biyu ne kawai don ta sake jin muryar, wai irin ta marigayi babanta ce. Ita kuwa Muhsinat ta sayo wa Baba manyan takardu da alƙalami mai kauri. Yana zana sabon fasali ƙato yadda idonsa zai iya bi, ita kuma ta rage shi a kwamfuta ya dawo daidai kan hula.

Bayan Sallah Abdulmutallib ya iso da mota, har ya shimfiɗa wa mahaifinsa matashi a kujerar gaba. Ya tarar da shi durƙushe a kan takarda, hannu duk tawada, waya na ta ƙara a aljihu.

“Baba, na zo. A fara kwashe kaya?”

“Wane kaya? Ka sha ruwa ka huta, ka gai da mutan gida. Ni ba na barin kasuwa tana ci.”

Masu rumfunan kusa sun ce ɗan ya daɗe tsaye yana kallon mahaifinsa, sannan ya tambayi hanyar Moduganari. A ƙofar shagon sai “Allah ya biya ki” yake ta maimaita wa Muhsinat.

Mu ma abin da za mu ce ke nan. Muhsinat, gwanar da ba ta raina tambayar tsoho, mun gode. Kin koya wa na'ura ladabin kasuwarmu, kin bar dattijo da mutuncinsa a hannunsa. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Ku kuma matasan da Allah ya ba sanin kwamfuta, ku ɗaga kai daga allo ku dubi unguwarku. Akwai mai sana'ar da ke dab da naɗe tabarmarsa don kawai ba wanda ya durƙusa ya saurare shi. Ku je, ku tambaye shi yadda yake cinikinsa, ku gina masa abin da zai yi magana da harshensa. In kun yi kuskure ku ce naku ne, ku gyara. Wanda ke shakkar ko hakan na da amfani, ya shiga Kasuwar Kwastam ya tambayi layin masu hula. Rumfar a buɗe take, kuma mai ita yana ciki yana aiki.