Ashe Hoto Ma Daga Hagu Ake Fara Shi

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu bibiyar wannan shafi. Da hannuna na yi rubutun nan, a hankali, don haka in an ga tuntuɓe a yi mini uzuri. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

A farkon shekarun nan na tamanin ni ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ina zaune a Tudun Wada da iyalina, na ɗan haura arba'in. Aikina tsayuwa gaban injin saƙa, in zare ya tsinke in cafke shi in ƙulla kafin ya ɓata yadi. Na sauke Alƙur'ani tun ina saurayi a garinmu, amma boko ko harafi ɗaya ban sani ba, kuma abin bai taɓa damuna ba. An san ni da haƙuri, har in rigima ta tashi tsakanin ma'aikata ni ake kira. In Azahar ta yi kuwa, ni ake turawa gaba in ja salla a ɗan filin da ke bayan sashenmu. Wannan tsayuwar a gaban sahu ita ce duk girman da nake da shi a Kaduna, kuma ta ishe ni.

Akwai wani ɗan garinmu, ƙanena a shekaru nesa ba kusa ba. Da ya zo neman aiki a zaurena ya sauka, tuwon matata ya ci, Yaya yake ce mini. Yana da takardar sakandare, saboda haka da ya shiga masaƙarmu bai daɗe ba ya hau, har ya zama ogan sashenmu. Na yi murna kamar ni aka ba. Amma tun daga lokacin Yaya ta ɓace daga bakinsa, sai kai.

Wata rana muna hutun cin abinci, wuri cike da jama'a, ya shigo da jarida ya miƙo mini, ya ce an rubuta labarin garinmu, in duba in gani. Shafin babu hoto ko ɗaya. Da na ce masa ban iya ba da an wuce wurin, amma idon mutane ya sa na karɓa, na ƙura mata ido, har ina gyaɗa kai kamar mai fahimta. Sai na ji wurin ya yi tsit, sannan dariya ta fashe. Ashe a juye ya ba ni ita da gangan. Ya dafa kafaɗata yana share hawayen dariya, ya gaya wa jama'a cewa ga Malam Baibai, wanda ya fi kowa ilimi, tunda shi ta ƙasa yake fara karatu. Na ninke jaridar na ajiye, na ƙarasa cin abincina, ban san abin da nake haɗiya ba.

Sunan ya bi ni. Ya fita ƙofar masaƙa, ya hau bas, ya sauka a Tudun Wada. Mai shayi ya kira ni da shi, matata ta ji shi a bakin famfo ta dawo ba ta iya kallon idona. Duk wannan na shanye. Abin da ban iya shanyewa ba shi ne ranar da na tayar da kabbara na ji wani a sahun baya ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya taya shi. Na idar da sallar, kuma ban sake tsayawa gaba ba. Babu wanda ya tambaye ni dalili. Shi kuwa ogan, a sahun farko yake tsayawa, yana bin wani limamin.

Haushi ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, ba son ilimi ba. Bayan La'asar muke haɗuwa a wata makarantar firamare, manya da gemu, muna takure a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. A hanyar ajin akwai wani ɗan Ibo mai sayar da tsofaffin mujallu a bakin kasuwar Kakuri, mutum mai barkwanci, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Shi kaɗai ne bai taɓa kirana da sunan nan ba, Baba yake ce mini. Da ya ga kullum ina tsayawa kallon takardunsa, sai ya zaro wani ɗan littafin zane mai launi, ya ce sunansa komik, yaran sakandare ke rububinsa, amma in tafi da shi tunda ni ma yanzu ɗan makaranta ne. Ya nuna mini bangon da ake farawa, ya ce Turancin kada ya dame ni, hoton zai gaya mini komai.

Labarin wani yaro ne, bai wuce sha biyar ba, siriri, kullum kansa a sunkuye. Akwai wani ƙato mai faffaɗan ƙirji da ke tare shi a hanya, ya watsar masa da littattafai, ya nuna shi da yatsa mutane na dariya. Amma yaron yana da wani ƙarfi da babu wanda ya sani. In ya ɓuya ya ɗaura ƙyalle a fuska, sai ya ɗaga mota kamar faranti. Mutanen da suka yi masa dariya da safe su ne ke ɗaga kai suna tafa masa da yamma, ba su san shi ba ne.

Na san za a yi mamakin magidanci da 'ya'ya ya kamu da irin wannan. Ni kuwa na gane abin da yara ke gani a ciki. Da a ce babban mutum ne mai ƙarfin, da labarin bai taɓa ni ba, don babba in ya yi ƙarfi an saba. Amma yaro, wanda kowa ke aika, kowa ke tsawata wa, ba a tambayarsa ra'ayi, a ce shi ne ke ɗauke da abin da zai girgiza gari kuma ya yi shiru da shi, wannan duk wanda aka taɓa rainawa zai so ya zama shi. Ni ma a lokacin yaro ne, a bencin yara nake zama, ana koya mini haruffan a da ba. In ogan ya wuce ya ce Malam Baibai an tashi lafiya, sai in sunkuyar da kai kamar yaron, in ce a raina ba ka san ni ba tukuna.

Shafin ƙarshe ne ya fi shiga raina. Hoto uku ne a jere. A ɗaya, ƙaton na tsaye kan gada, yaron ya riƙe masa wuyan riga. A na tsakiya, ƙaton na lilo tsakanin gada da ruwa, yaron na riƙe da shi da hannu ɗaya. A ɗayan, ƙaton na cikin kogi, hannuwansa a sama, bakinsa a buɗe. Na kalli shafin nan har takardar ta yi laushi. Ya kama shi, ya ɗaga shi, ya jefa. Haka na karanta, kuma duk lokacin da na kai hoton ruwan sai in ji wani sanyi a ƙirjina wanda ko salla ba ta ba ni a kwanakin. Allah Ya yafe mini.

Tsakanin masaƙa da titin da muke hawa bas akwai wata babbar magudana da ke kwashe ruwan rini zuwa kogi, yau shuɗi, gobe ja. An gitta katako a kanta don masu yanke hanya. Da rani yaro ma zai tsallake, amma da damina in an yi ruwan sama mai ƙarfi sai ta cika ta batse, tana gudu da duk abin da ta samu. Ogan kullum ta nan yake bi in an tashi aikin safe, kuma bai iya ruwa ba, na sani tun muna gida. Na fara bin bayansa daga nesa. Na lura da katakon da ke motsi, na lura da takalminsa sau-ciki mai santsin ƙasa. Ina gaishe shi da ladabi fiye da da. Mutane na cewa haƙurina ya kai, ba su san haƙurin ya zama jira ba. Ba na fatan kowa ya san daɗin irin wannan jiran, don yana da daɗi, kuma nan ne haɗarinsa.

Ranar ta zo cikin tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, da rana ma aka ƙara. Da jiniyar tashi ta yi kuka na fito a bayansa. Magudanar ta cika har tana lasar katako, ruwan ya yi baƙi-baƙi da shuɗi. Ya hau, na hau. Mutanen da ke bayanmu suna da ɗan nisa. Da muka kai tsakiya na miƙa hannu na damƙi wuyan rigarsa ta baya, da niyyar da Allah Ya sani, ni ma na sani. A daidai lokacin, kafin in tura, takalmin nan ya zame. Ƙafafunsa suka tafi, ruwa ya kama su har gwiwa yana ja, duk nauyinsa ya dawo hannuna. Ba sai na yi komai ba, yatsuna kawai zan buɗe. Ya waiwayo, idonsa ya firfito, ya ce, “Yaya, kada ka sake ni.”

Ban sake shi ba. Har yau ban san ko tsoron Allah ne ya riƙe shi ba, ko kalmar nan da na daɗe ban ji ba, ko kuwa hannun masaƙi ne kawai da ya saba in abu ya tsinke ya cafke. Na durƙusa kan katakon na ja, mutane suka iso suka taya ni, muka fito da shi wandonsa ya rine.

Kafin magariba labari ya gama Kakuri, wai Malam ya ga ogansa zai faɗa ya yi wuf ya kama shi, duk da abin da ya yi masa. Washegari ogan ya tara sashen ya ce duk wanda ya sake faɗin sunan nan shi da shi ne. Da Azahar aka tura ni gaba. Na ce muryata ta dushe. Yabon nan ya fi dariyar ƙona ni, kuma in faɗi gaskiya, haushin ogan bai ragu ba, sai ma na ƙara jin haushin cewa ya toshe mini hanyar ramuwa.

Da na bi ta kasuwa, ɗan Ibon nan ya taso yana tafa hannu, ya ce ashe Baba karatun komik ya shiga jiki, na yi daidai yadda yaron ya yi, na ciro maƙiyina daga ruwa. Na ce masa yaron ai jefawa ya yi. Ya dube ni, ya ce in kawo littafin. Na zaro shi daga aljihu. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora yatsa a hoton hagu, inda ƙaton ke cikin kogi, ya ja zuwa na tsakiya, ya tsaya a na dama, inda yake tsaye kan gada. Ya ce, “Baba, daga nan ake farawa. Ya faɗa, yaro ya ɗauko shi, ya ajiye shi. Kai ta ina ka bi?”

Ta dama na bi, yadda idona ya saba tun ina riƙe da allo. An koya mini a aji cewa rubutun boko daga hagu yake tashi, amma ban taɓa kawo wa raina cewa hoto ma yana da hagu da dama ba. Wata da watanni ina shirin kisa a kan shafin da ke nuna ceto. Ɗan Ibon bai yi dariya ba, ya dai rufe littafin ya mayar mini. Na tsaya a bakin kasuwa ina jin sunan da ogan ya sa mini yana dawowa, wannan karon daga bakina.

Abin da na koya shi ne, zuciyar da ta cika da ramuwa duk abin da aka ba ta a juye take karanta shi. Iyaye, in kun ga yaranku sun dage kan waɗannan littattafai, kada ku tsaya ga ƙwacewa, ku tambaye su wa ke watsar musu da littafi a hanya, ku kuma zauna ku ji ta ina suke fara labarin. Ku kuma masu ilimi da ke mai da marar karatu abin dariya, ku sani wanda ya sunkuyar da kai ba lallai ya manta ba ne, wataƙila takalminku yake kallo.

Ban ce na gama yafewa ba, ina dai roƙon Allah Ya kai ni. Mutumin yana nan, duk Salla sai ya zo gaishe ni, yana gaya wa 'ya'yansa ga wanda ya ceci ransa. Ban taɓa gaya masa ba. Amma na san ba ya fashin sayen mujallar nan. In ta shiga hannunka, ƙanena, ka riƙe ta daidai, ka fara daga hagu, ka karanta har ƙarshe. Malam Baibai ne ya rubuta.