Dutsen da ke Haɗiye Mana Tauraro

Shekarun baya, lokacin ina injiniya a wani ƙaramin kamfanin sadarwa a Abuja, aka ba ni da abokina aikin haɗa wani ɗakin shan magani na ƙauye, can bayan Bwari, da likitocin cikin gari. A wurin ba a samun layin waya sai an hau tudu. Ungozoma ɗaya ce ke riƙe da ɗakin. Idan haihuwa ta zo da gardama, so take likita ya gani da idonsa ta bidiyo, ya ce mata ta ci gaba ko ta nemi mota.

Na'urar da muka ɗora a rufi shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tana magana da taurarin ɗan'adam iri biyu. Akwai na can ƙololuwa, wanda kullum yana wuri ɗaya. Amintacce ne, sai dai ruwa mai ƙarfi na dusashe muryarsa. Akwai kuma na kusa, masu wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar motocin haya, kowanne ya yi 'yan mintoci ya faɗi. Aikin na'urar ta riƙa sauyawa tsakaninsu ba tare da layi ya yanke ba.

A rufin ofishinmu ta yi lafiya lau. A ƙauye kuwa, sai ta riƙa ɗaukewa na ɗan lokaci sannan ta dawo. Mu a wajenmu ƙaramin abu ne, har ranar da ungozomar ta tare ni a bakin ƙofa.

Ta ce, "Oga, jiya likita yana ce mini 'kada ki...' sai hoto ya tsaya. Kada in me? Mace tana kwance gabana. Allah ya taimaka ya dawo, amma ni wannan abin naku tsoro yake ba ni."

Na kira abokina muka duƙufa neman dalili. Da muka bincika, ashe wani ƙaton dutse ne da ke gabas da ɗakin. Tauraron kusa yakan shige bayansa tun kafin lokacin da na'urar ke zato, sai ta sake shi, sannan ta fara lalube.

Ana haka aka ce wani darakta zai zo daga ma'aikatar lafiya ya ga gwaji. Idan layi ya yanke a gabansa, za a kwashe kayan, ungozoma ta koma hawa tudu.

Abokina ya ce, "Malam, mu ɗaure ta a kan na ƙololuwa kawai ranar. Ba sauyi, ba yankewa. Ya sa hannu ya tafi, mu gyara a hankali."

Na ce, "Ranar da aka tsuge da ruwa fa, ga mace a kan gwiwa?"

"Ai na ce za mu gyara."

"In an sa hannu, wa zai sake turo mu nan? Ni da kai mun sani."

Ya yi dariya ya ce, "Da na san da limami aka haɗa ni, da na zo da buta." Amma bai tafi ba, Allah ya saka masa.

Muka duƙufa. Ni da ko mangwaro ban taɓa hawa ba, kullum ina kan tsani da tumbina, ina karanto duk addu'ar da na sani, ina auna inda dutsen ya tare sama ta kowace kusurwa, abokina yana shigar wa na'urar. Ta koyi inda dutsen yake, yankewar ta ragu, amma ba ta daina ba. Har lissafin da nake yi da ajami a gefen takarda ya zama abin tsokana, wai ko laya nake rubuta wa tauraron.

Wata rana bayan la'asar na tuna zauren mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Idan muna karatun karɓa-karɓa, ba ya yarda a bar gurbi. Kafin numfashin mai karatu ya ƙare, na gaba ya riga ya ɗauka, muryoyin biyu su haɗu a kan kalmar ƙarshe. Na'urarmu kuwa sai ta saki ɗaya take neman wani. Muka sake tsara ta: ta kama sabon, ta tabbata ya riƙu, sannan ta saki tsohon. Faɗarsa da sauƙi. Makonni muka yi muna gwadawa, muna rushewa, muna sakewa.

Ranar gwaji, darakta na zama hadari ya haɗo. Abokina ya dube ni, na kau da kai. Aka kira likita, ungozoma ta fara nuna masa yadda take auna mai ciki. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A allon kwamfutata ina kallon na ƙololuwa yana dusashewa, na'urar ta koma kan na kusa. Shi ma ya nufi bayan dutse. Kafin ya ɓace ta kama na bayansa. Haka ta yi ta yi, ni kuwa bakina bai bar salati ba. Likita bai ko yi tuntuɓe a magana ba.

Da ruwa ya tsagaita, darakta ya duba agogo ya ce, "To, yaushe za ku nuna mana sauyin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun ɗazu ake yi."

"Ni ban ga komai ba."

Ungozoma ta ce, "Oga, shi nake so. Kada in ga komai."

Har yau idan ana ruwa ina waya, magana ta tafi sumul, nakan tuna cewa akwai wani a wani wuri da ya sha tsani don kada in san da shi. A da ina ganin aiki sai an gan shi yake zama aiki. Yanzu na bar wannan. Daga baya na haɗu da ungozomar a kasuwar Bwari, na tambaye ta na'ura. Ta ce wallahi har ta manta tana kan rufi. Na ce alhamdu lillahi.