Takalmi a Bakin Ƙofar Jirgi

Tun da na zo Riyadh ban sha wahalar aiki irin ta jirgin nan ba, kuma ranar da ya sauke mu a kan duwatsu ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Direba aka ɗauke ni, haka aka rubuta a iƙamata, wato takardar izinin zama. Amma kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin injiniya, ya ce shi jirgin sama zai haɗa da hannunsa, ƙarami mai kujera biyu. Ni ne riƙe fiffike, ni ne miƙo sufana. Bayana har yau bai yafe ba.

Da aka ba shi izinin gwaji, muka koma wani ƙaramin filin jirgi a bayan gari. Da farko buhun yashi yake ɗorawa a kujerar gefe. Ya tashi sama, ya rage wa injin wuta kamar ya mutu, ya sulalo kan wani shimfiɗaɗɗen fili a sahara, sai ya kusa taɓa ƙasa ya sake ba shi wuta. Da ya gamsu, ya ce in maye gurbin buhun.

Na ce, "Ya Ammi," wato baffa da Larabcinsu, "buhun ba shi da 'ya'ya. Ni ina da su."

Ya ce, "Kuma ba shi da surutu, ya Hajji. Yalla, maza hau."

Abin da ya fi ba ni haushi horon ƙofa. Kafin kowane tashi, muna ƙasa, sai ya daka tsawa, "Injin ya mutu!" Ni kuma in tsuke bel, in zare sakatar ƙofata, in cire takalmi in cusa a bakinta don kada ta koma ta rufe. Ya ce idan jirgi ya bugi ƙasa jikinsa kan lanƙwashe, ƙofa ta maƙale. Mutum da furfurarsa ana sa shi cire takalmi kamar ɗan firamare. Ina yi ina tsaki a ciki.

Wata Juma'a da la'asar, bayan an kwana ana ruwa, muna sama injin ya yi tari ya yi shiru. Na zaci wasan nasa ne, sai na ga farfela ta tsaya cak. Ya juya zuwa filin da ya saba gwaji, hankalinsa kwance. To mutanen garin nan, da an yi ruwa sahara suke fita shan iska. Filin ya cika: tantuna, dardumai, hayaƙin gashin nama, yara na guje-guje a daidai inda tayarmu za ta sauka.

Ya ce, "La'ilaha illallahu. Ba a kansu ba."

Ya karkata mu gefen duwatsu. Ya ce, "Ƙofa, ya Hajji." Na duba, ashe takalmina na can tuni. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya yi aikin ba, don kaina babu komai a cikinsa sai kalmar shahada.

Muka bugi ƙasa. Tayar gaba ta karye, hancin jirgin ya kafe, warin fetur ya cika mana ciki. Ƙofarsa ta maƙale, hannunsa ya karye. Tawa kuwa da tokari ɗaya ta wangale. Na kwance masa bel, na janyo shi ta wuyan riga, na yi ta jan sa a kan tsakuwa har muka yi nisa. Wuta ba ta kama ba, Allah Ya kiyaye. Da ta kama alhali ƙofofin duka a rufe suke, da wani ne ke ba da labarin nan.

Mutanen suka iso a guje, masu ruwa, masu salati. Wani ya miƙo mini gahawa, na karɓa na kurɓa. Dattijon na kwance yana nishi, ya dubi ƙafata ya ce, "Ina ɗayan takalmin?"

Na ce, "Yana bakin aikinsa."

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na gane abu guda. Ranar tsoro hankali gudu yake yi, abin da jiki ya saba kaɗai ke tsayawa da mutum. Wanda ya takura maka har ka saba, ka gode masa. Dattijon nan Allah Ya saka masa, ya zaɓi duwatsu ya bar yaran mutane, kuma ya fitar da ni da raina.

Washegari da na idar da sallar asuba na kira uwar 'ya'yana a Funtuwa. Ta fara ƙorafin rufin ɗaki da ke yoyo. Da, katse ta nake yi in ce aiki na jira. Ranar na zauna a bakin gado, na saurare ta har ta gama.